Ranar da Jaki Ya Karɓi Amshi

Ina ɗan shekara goma sha biyu muryata ta ci amanata. Lokacin muna zaune a unguwar Taman Melati a Malesiya, a hawa na tara na wani bene, Abba yana karatun digirinsa na uku. Ni ne mai jan baƙi a ƙungiyar nashid ta yara maza a makarantarmu, mu goma. Saura sati biyu gasa, ina tsakiyar ɗaga murya sai ta karye, ta fito kamar an taka ɗan akuya. Malaminmu ya ce in koma layin baya, in riƙa motsa baki kawai.

A shekarar ce kakata, Hajiya Yalwa, ta zo wa Umma zaman jego, ta zarce wata takwas. Ita a wajenta tatsuniya ba wuta ba tatsuniya ba ce. Ta taɓa hura gawayi a falo, ƙararrawar gobara ta sauko da mutanen bene kaf har ƙasa. Tun daga ranar ta haƙura da maganin sauro mai hayaƙi, shi muke kewayewa a baranda bayan isha'i, jirgin ƙasa na wucewa can ƙasanmu.

Daren ranar da muryata ta karye na ƙi cin abinci. Ta dube ni ta ce, "Angona, wa ya rasu?"

Na buɗe baki zan yi bayani, muryar ta sake zamewa. Ta yi dariya har da tafi.

"Af, ashe maigidan ne ya girma! Zo zauna. Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan Malesiya."

Ƙanwata Nana, wadda Hausarta ba ta nuna ba, ta ce, "Boleh!", wato "to" a yaren Malesiya, maimakon "ta zo mu ji ta".

Wai a zamanin da, akwai wani makaɗin noma da ya fara tara yara maza su yi masa amshi, don siririyar murya ta fi ratsa gona. Su goma sha biyu ne, duk sa'o'in juna, kuma bayan kowace gayya dafa musu zabi ake yi. Dokarsa ɗaya ce: wanda muryarsa ta buɗe, ya ajiye waƙa ya ɗauki fartanya. Da muryar babbansu Tanko ta fara buɗewa, sai ya tuna zabi, ya tuna fartanya. Ya sha zuma, ya sha ɗanyen ƙwai, a banza. Sai ya koma buɗe baki ba sauti, yana rausaya kai fiye da kowa. Ashe na kusa da shi ma haka yake yi. Ɗaya bayan ɗaya suka bi sahu, kowa na cewa ai sauran sun isa, har ya rage ɗan autansu kaɗai ke ɗauke da amshin.

"Ranar babbar gayya," in ji Hajiya, "ɗan auta ya tashi da mura."

Makaɗi ya buga ganga, ya jefa baiti. Baki goma sha biyu suka wangame, shiru kake ji. Ya sake jefawa. Sai wani jaki da ke ɗaure a gindin kuka ya karɓa. A nan Hajiya ta miƙa wuya ta yi kukan jaki da iya ƙarfinta, har maƙwabcinmu ɗan Sin ya leƙo ta tagarsa.

Manoma suka zube a kunyoyin gona don dariya. Makaɗi ya ce, "Tunda jaki bai ji kunyar tasa ba, kowa ya fito da abin da Allah Ya ba shi." Suka saki murya, kauri a ƙasa, ta ɗan auta a sama yana jan hanci, sai ga daɗin da ba a taɓa ji ba. Wai daga nan aka fara haɗa manya da ƙanana a amshi.

"Ƙurunƙus kan jakin. Tashi ka ci tuwonka."

Washegari na roƙi malam ya bar ni in riƙe amshin ƙasa da kakkaurar muryata. Ya saurara, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce to. A gasar mun zo na huɗu cikin biyar, Hajiya ta rangaɗa guɗa a zauren kamar mun ci kofi.

Na daɗe ina ɗauka labarin murya ne kawai. Sai da na fara aiki, na zauna a taruka inda kowa ke gyaɗa kai yana jiran wani ya faɗi gaskiyar da duk muka sani, na gane inda ta dosa. Hajiya ta rasu shekara shida ke nan. Har yau in na ji kaina ina motsa baki a banza, sai in yi gyaran murya in yi magana, ko da za ta fito a karkace.