Rigar Baba a Bayan Duƙushi

Kwana uku ke nan da abin. Da na rufe ido sai in ga kofato, daga nan sai in ji muryar Iya, kakata ta wajen uba, wadda aka sa mini sunanta.

A gidanmu na Ƙofar Marusa, sana'ar Baba horar da dawakin sukuwa ce. Ana kawo masa duƙushi, ɗan dokin da bai taɓa sanin sirdi ba, ya raine shi har ya isa shiga fili. Muna yara, bayan magariba, Iya kan zauna bakin murhu tana dafa wa dawaki dusa da kanwa, mu kewaye ta. Takan ce, "Ga ta nan bisa doki." Mu ce, "Ta sauko mu ji ta."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta wa da ƙane da suka gaji duƙusai biyu. Wan ya ɗaura sirdi ran farko, ya haɗa da bulala, kafin wata guda dokinsa na tsere da iska. Ƙanen kuwa rigarsa mai gumi ya shimfiɗa wa nasa a baya, kwana bakwai. Sannan sirdi ba kowa, sannan buhun gero, kafin ya hau. Gari ya yi ta dariya, wai ga dokin da ake yi wa kwalliya. Ranar da kura ta yi kuka a hanyar daji, dokin wan ya kayar da shi ya tsere. Na ƙanen ya juyo da kai, ya shinshini rigar ubangidansa, ya tsaya.

"Iya, wari fa yake shaƙa!" mukan ce, muna toshe hanci.

"Ke takwara, mi kika sani? Warin nan shi ne sallamar da doki ke ganewa. Shi kau ubanku, halan turare kuke tsammani yana shafa masu?"

Haka Baba ke yi har yau, ko da masu dawakin na ƙorafin yana jan lokaci.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ita ce ranar da Baba ya fara hawa Bidi, wani duƙushi mai saurin firgita. Kawu Sani, ƙanen Baba, yana riƙe da ragama a filin barga, ni ina gefe da kwanon wanki. Sai ga ayarin 'yan acaɓa ta bayan katanga, ana hon, ana ihun murna. Bidi ya miƙe da ƙafa biyu, igiya ta suɓuce wa Kawu, Baba ya faɗo, ƙafarsa ta maƙale a likkafa. Ga ƙofar barga a buɗe. Da Bidi ya fita, da a kan kwalta zai ja shi.

Kawu ya rarumi sanda. Baba, yana ƙasa, ya ce, "Sani, kul!"

Ban san lokacin da na zaro rigar Baba daga kwano ba, ta jiya, wadda ban kai ga jiƙawa ba. Na tako a hankali, na miƙa ta saitin hancin Bidi. Idonsa duk fari, jikinsa na ɓari. Ya yi huci sau biyu. Ya sunkuyar da kai cikin rigar. Kawu ya lallaɓo ya zare ƙafar.

Targaɗe kawai Baba ya yi. Da mai ɗori ya tafi, ya dube ni ya ce, "Uwata, a makarantar taku aka koya maki?"

"A bakin murhu, Baba."



Da, na ɗauka tatsuniyar haƙuri kawai take koyarwa. Yanzu na gane Iya na faɗa mana ne cewa wanda ya san ka ranar lafiya, shi zai saurare ka ranar tsoro. Ta rasu ba ta ga wannan ba.

Yau da safe Baba ya aiko a karɓi tsohon mayafina, wai kada in wanke. Daga taga ina hango mayafin shimfiɗe a bayan Bidi.