Garmahon Kakana

Ranar da aka kawo mini kwalin, ina buɗe shi warin man inji ya buge ni, irin wanda ake ɗiga wa keken ɗinki. Na zauna a bakin gado, na daɗe ban taɓa komai ba. A ciki akwai naɗaɗɗen sifirin sabo fil, da 'yan zobban roba, da ƙaramin gwangwani cike da allurai. Duka na garmahon kakana ne, garmahon da ya fi shekara talatin bai yi waƙa ba.

A gidansa na tashi, a Nassarawa GRA, lokacin da gidajen unguwar ba su da dogayen katangu, sai shingen itatuwa da inuwar mangwaro. Kakana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ya sayi garmahon a shekarar da ya auri kakata: baƙin akwati mai hannu a gefe, da fayafayai goma sha biyu. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan fito da shi baranda, ya wana shi da kansa, ya ɗora allura. Kakata tana kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗaga kai, amma ina ganin babban yatsan ƙafarta yana motsi.

Da ya dawo daga aikin Hajji sai ya daina. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai kuma hana kowa komai ba. Ya dai rufe akwatin ya kai sito, yammacin Juma'a ya zama kamar na sauran ranaku.

Ina 'yar shekara tara, wata rana da damina, kakana ya tafi ta'aziyya Tudun Murtala. Ruwa na dukan kwano. Na ji wani siririn sauti daga sito, na leƙa, sai ga kakata durƙushe gaban garmahon, ta cusa tsumma a bakinsa don kada a ji. Ta yafito ni, ta ce in wana mata, hannunta ya gaji. Na wana, ɗoki ya sa na yi ta ƙarawa, sai wani abu ya yi ƙara a ciki kamar an karya busasshen ice. Faifan ya rage gudu, muryar mawaƙiyar ta yi kauri kamar ta namiji, sannan ta ɗauke.

Kakata ba ta jira kakana ya gano da kansa ba. Ta same shi yana cire takalmi, ta ce ita ta lalata. Ina bayan ƙyaure ina jiran faɗa. Sai kawai ya tambaye ta wane faifai ta sa. Ta gaya masa. Ya ce to, ya shige ɗaki. Har ya rasu ban sake jin an ambaci garmahon ba, ni kuwa na girma da nauyin abin a raina.

Bara baffannina suka yanke shawarar sayar da gidan. Kakata ta kusa casa'in, idanunta sun tafi, aka ce ta koma wurina a Badawa. Wajen kwashe kaya na tarar da akwatin a ƙarƙashin tsofaffin katifu, na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa. Yana ɗaga murfin ya dube ni, ya tambayi daga wane gida na fito. Da na gaya masa, ya ce ai ya san wannan akwatin. A farkon buɗe shagonsa wani dogon Alhaji ya kawo shi a naɗe cikin bargo. An rasa sifirin da zai shiga, ya mayar da shi gida, amma ya fi shekara biyu yana leƙowa duk wata yana tambaya ko an dace. Har wasiƙu ya rubuta wa tsofaffin abokan aikinsa a Legas.

Mai gyaran ya ce na asali kam sun ƙare a duniya, amma akwai masu ƙera sababbi a ƙasashen waje daidai da na da. Ya auna faɗin tsohon da kaurinsa ya rubuta mini a takarda, na yi oda ta waya. Na farkon da ya zo ya yi faɗi. Na sake aikawa, na ƙara jiran mako shida, kullum ina duban jikin kakata ina tsoron kada ta tafi kafin kayan su iso. Na biyun ya zauna daidai.

Saura kwana uku mu miƙa makullan gidan, na zaunar da ita a barandar nan, na sa faifan da ta sa ranar da sifirin ya karye. Ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin har waƙar ta ƙare. Sai na ba ta labarin da mai gyaran ya ba ni.

Can ta ce, "Ashe zuwa yake yi. Ni kuwa na ɗauka da fushina ya tafi."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in maimaita mata waƙar.

Bayan ƙaramar sallah Allah ya yi mata rasuwa. Gidan an rushe shi, an sare mangwarorin, ana ta ɗora bene a wurin. Garmahon yana falona yanzu. 'Ya'yana suna mamakin abin da ke waƙa ba wuta ba caji. Su da yatsa ɗaya suke kiran duk mawaƙin da suke so, har da sunansa da hotonsa. Takardar da ke tsakiyar faifan kakata kuwa ta goge tun da daɗewa. Wata huɗu muka yi tare a ɗaki ɗaya ban tambaye ta wace ce mai waƙar ba, yanzu kuma babu sauran wanda zan tambaya.