Muryar da ta riƙa amsa mana daga cikin gero

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa, ban da kakar da wata murya ta riƙa taya 'yan ajina waƙa daga cikin gero. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Lokacin an tura ni wata firamare a wani ƙauye gaba da Zango, aka ba ni aji uku. Yaran nan kowa da irin kansa. Wasu da na rubuta abu a allo sun ɗauke, wasu sai sun ƙirga da tsakuwa. Akwai kuma 'yan bencin baya, waɗanda ko zan rubuta har alli ya ƙare, kallona kawai suke yi baki buɗe. Amma a sake su a fili, ba waƙar gaɗa ko ta talla da ba su haddace ba. Na ce to, tunda ta kunne abu yake shigarku, ta kunne zan biyo muku. Na sa lissafin sau a waƙa, ina bayarwa suna amshi, masu ƙiriniya suna kiɗa a benci, 'yan mata suna tafi. Ba a jima ba 'yan bayan nan suka fara ɗaga hannu, ni kuwa kaina ya kumbura.

Bayan ajinmu gona ce, gero ya fi mutum tsayi. Can tsakiya akwai wata tsohuwar tsamiya, wadda ko manya ba sa bi ta ƙarƙashinta da rana tsaka.

Ran nan wajen azahar muna kan gidan bakwai. Muka rera har "bakwai sau shida, arba'in da biyu", na ɗaga hannu aka yi shiru, don nan na tsaya a koyarwa. Sai muka ji wata siririyar murya daga gonar, da karin waƙarmu sak: "Bakwai sau bakwai, arba'in da tara." Wallahi ban koya wa kowa wannan ba. Na duba bakin yaran, duk a rufe. Na leƙa ta taga, ba kowa sai gero, ko iska ba ta kaɗa shi. Wata yarinya ta riƙe mini mayafi tana cewa, "Malama, mutanen tsamiya ne." Na daka mata tsawa.

Washegari muryar ta sake, jibi ma haka. Magana ta cika gari, aka ce wai ni na kira waɗanda ba a gani da waƙa. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa. Hedimasta ya kira ni ya ce, "Malama, ni ban ce kin yi laifi ba, amma waƙar nan a bar ta. In aji ya watse, wa za ki koyar?" Abin ya ƙona mini rai, don na san da waƙar ta tafi 'yan bencin baya sun koma gidan jiya. Haka kuwa aka yi. Na koma allo da alli, su kuma suka koma kallona.

Mu muka yi shiru, muryar ba ta yi ba. Rana na take tsaka sai ta ɗauko, ita kaɗai. Ta ba da baiti, ta tsaya daidai inda amshi yake shiga, ta jira. Ba wanda ya amsa. Ta sake maimaitawa, ta sake jira. Wannan jiran ya fi komai tayar mini da hankali. Wata rana na ga wani yaro daga baya yana motsa baki yana so ya amsa, hawaye na zubo masa. Nan zuciyata ta hau. Na ce mutum ne ko aljan, yau sai mun ga juna.

Na ɗaure mayafi a ƙugu na kutsa cikin geron, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban yi nisa ba wani abu ya yi ƙara a saman kaina, saura kaɗan in saki fitsari. Ashe igiya ce da gwangwanaye, irin ta korar tsuntsaye. Na bi igiyar har gindin tsamiyar.

Wata 'yar yarinya ce zaune a kan buhu, bakin igiyar ɗaure a yatsan ƙafarta. Idanunta fari fat, ba ta gani. A gabanta ta jera 'ya'yan tsamiya kashi-kashi, bakwai-bakwai, tana shafa su da hannu. Kafin in yi sallama ta juyo kunnenta gare ni.

"Malama ce?" ta ce. "Laifi na yi muku kuka daina?"

Na durƙusa kusa da ita. Ta ce kwanan nan aka kawo ta wurin kakarta daga wajen Kongolam. Kakar kan ajiye ta nan da hantsi ta ja igiya, sai la'asar ta zo ta ɗauke ta. Ta ce ta lura kowane baiti bakwai ake ƙarawa, shi ya sa ta ci gaba da kanta. "Na kai bakwai sau goma sha biyu," in ji ta, "amma ban da wanda zai ce mini daidai ne."

Na riƙe hannunta muka fito. Yaran da ke leƙe ta taga suka watse da ihu, sai da ta buɗe baki ta ba da baiti suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan mai hawaye shi ya fara amsawa. Hedimasta da kansa ya je ya roƙi kakarta ta bar ta ta shiga makaranta, kuma daga makon nan ita ce mai bayarwa a ajina.

Abin da na koya shi ne, yaron da bai ɗauka ta allo ba, ba wai ba shi da kai ba ne, hanyarsa ce daban. Shi ya sa har yau in ina koyarwa nakan buɗe taga in ɗaga murya, don ban san wa yake zaune a waje yana jiran a ce masa daidai ne ba.