Matar Da Ta Tsaya Wa 'Yata A Kotu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran Mis Odessa Pruitt a gidanta da ke garin Camden, tana da shekara saba'in da tara. Ni ban ji ba sai ranar Juma'a, ina cikin sauya tayar wata babbar mota, abokin aikina ya karanto sanarwar a jarida. Ba wanda ya kira ni, kuma ban ga laifin kowa ba. A takarda ni ba kowanki ba ne, Mis Odessa. Ni ne mutumin da kika tsaya gaban alƙali kika ce kada a mayar masa da 'yarsa.

Renita tana da shekara biyar hukuma ta ɗauke ta daga hannuna. Uwarta ta rasu, ni kuma ƙwaya ta gama da ni. Aka kai ta riƙo gidan Mista da Misis Whitlock, kotu ta naɗa ki ki zama bakinta. Ke ba lauya ba ce. A gidan waya kika yi aiki har kika yi ritaya, wannan kuwa sa kai kika yi. Naki shi ne ki je ki gani da idonki, ki dawo ki faɗa wa alƙali abin da ya fi wa yarinyar.

Ranar da kika fara zuwa wurina, na share ɗaki, na cika firiji. Ko kallon firijin ba ki yi ba. Kika zauna kika ce, "Mista Teague, me Renita take tsoro?" Ban sani ba.

Bayan wata goma sha huɗu aka shiga kotu. Har yau ina jin muryarki: "Ranka ya daɗe, mahaifinta yana sonta, na gani da idona. Amma a gidan su Whitlock yarinyar ta daina ɓoye burodi a cikin takalmi don tsoron yunwa. A bar ta inda take." Da aka fito na tare ki a baranda, babu zagin da ban yi miki ba. Kika jira na gama, kika ce, "Zage ni son ranka. Ba kai aka aiko ni in tsaya wa ba."

Shekara biyu bayan haka, ina gidan da ake raba mutane da shaye-shaye, aka ce ina da baƙuwa, ni da ko ɗan'uwana bai taɓa leƙo ni ba. Sai ga ki da hoton Renita cikin rigar makaranta. Su Whitlock sun riga sun karɓe ta a matsayin 'ya, aikinki ya ƙare tuni, amma kika roƙe su suka yarda ki riƙa kawo mini hoto da labari sau ɗaya a shekara.

Haka muka yi shekara tara. Duk watan Oktoba mukan haɗu a ƙaramin gidan abincin nan na bakin titi, ki ci soyayyar tarwaɗa da burodin masara, ki tsokane ni: "Har yanzu ba ka samu matar da za ta gaya maka rigar nan ta mutu ba?" A bakinki na ji tana busa sarewa a makaranta, kuma karnuka take tsoro. Na taɓa tambayarki ko kin yi nadama. Kika ce, "A'a. Amma ban ji daɗi ba, ko na yini ɗaya."

Sai a coci, wajen jana'izarki, na ji cewa yara arba'in da ɗaya kika tsaya wa, alhali mijinki ya daɗe da rasuwa, ba ki haihu ba, ke kaɗai kike komawa gida bayan kowace shari'a. Ban taɓa tambayarki yadda kike ba.

A haɗuwarmu ta ƙarshe kin ce kin ba Renita ambulan mai ɗauke da lambar wayata. A watan Mayu za ta cika sha takwas, lokacin ne za ta iya buɗewa. Kika ce, "Ta buɗe ko ta ƙi, nata ne. Kada ka riga ta."

Ranar jana'izarki, Renita ce a bakin ƙofar coci tana raba takardar tsarin addu'a. Ta fi hotonta tsawo. Ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Mun gode da zuwa, Yallaɓai." Na karɓa, na ce na gode, na wuce kujerar baya. Ban riga ta ba, Mis Odessa.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya tsaya miki kamar yadda kika tsaya wa 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwarki Misis Bernice Oakes, da iyalan Whitlock, da duk yaran da kika yi magana da yawunsu, har da wadda ba ni da ikon yi wa gaisuwa baki da baki. Allah ya ba mu haƙuri.

Lamar Teague, Camden