Baƙin da Suka San Sunan Kyalla

Faɗana da Mika'ilu a kan karsana aka fara shi. Jikana ne, kuma karsanar jikar saniyar da na ba shi ran suna ce. Ya kai ta kasuwa ya dawo da kwamfuta, wai zai shiga kwas ɗin gina shafukan intanet a wata kwaleji a Dutse.

Na ce, "Maigidan, wannan faifan yana haihuwa?"

"Kaka, in an iya shi yana yi."

"To ran tatsa ka aiko mini."

Ba malalaci ba ne, wannan kam na shaida. A bayan shanu ya tashi a rugarmu ta wajen Buji, kuma taurin kai irin na kakansa ya kwaso. Ya koma unguwar Takur a Dutse wajen goggonsa Mu'minatu. In ya zo hutu sai ya hau suri, inda waya ke kamawa, ya yi ta zuba baƙaƙe kamar sawun tururuwa. Ya ce ɗigo ɗaya ya ɓace, duk aikin ya ƙi tashi.

Da ƙarshen kwas ya zo, malaminsu ya ce kowa ya gina wa sana'a ta gaske shafi, ya bar shi a buɗe har ranar jarrabawa. Wasu suka yi wa tela, wasu mai kemis. Nawa gwanin ya yi wa garken ubansa. Kowace saniya da hotonta da sunanta, har da hanyar zuwa ruga, don masu saye. Mu da ko matar mutum ba ta sanin yawan shanunsa!

Ba mu san an yi ba sai da wasu baƙi suka zo a kan babur suna tambayar saniyarmu Kyalla, wai a waya suka gan ta. Ba su taya ba. Wanda ke baya sai kallon hanyoyi yake, yana tambayar inda shanun ke kwana. Na dubi uban Mika'ilu.

A ranar ya sa aka kaɗa garken zuwa Miga wajen surukansa, ya kira yaron a waya. Da yaron ya iso, uban bai amsa gaisuwarsa ba.

"Ka sauke abin nan yau, ko kada ka ƙara tako rugar nan."

"Baffa, jibi ne jarrabawar. In na sauke na faɗi."

Uban ya juya masa baya. Mika'ilu ya hau surin, kwamfuta a cinya, yatsa a sama ya kasa sauka. Na bi shi da sandata.

"Kaka, wahalar shekara ce a nan."

"Ta ubanka ta shekara nawa ce?"

Ya danna.

Ya faɗi kuwa. Ya maimaita kwas ɗin, ya fita da shafin wata mai ɗinkin huluna. Baƙin nan har yau ba mu san ko su wane ne ba, uban kuma bai gama sakar masa fuska ba. Yanzu Mika'ilu yana Takur yana gina wa 'yan kasuwa shafuka, kuma ba ya sa hanyar gidan kowa sai ya tambaya.

Zuwansa na ƙarshe ya ce zai ɗauke ni hoto da ƙwaryar man shanuna, ya nemo mini masu saye.

Na ce, "Ɗauki ƙwaryar, ka bar fuskata. In wani ya tambaye ka hanyar rugarmu, ka ce masa matarka mafaɗaciya ce, ba ta karɓar baƙi."