Shafukan da Baba Hammadu Ya Liƙe

Har Allah ya karɓi ransa, Baba Hammadu bai iya karanta ko baƙi ɗaya na boko ba. Amma shekara ashirin makullin ɗakin littattafan wani asibiti a Ƙauran Namoda yana rataye a wuyansa. Bafulatani ne daga wajen Banga. Shekarar da ciwon bushiya ya share masa garke, ya sauko gari da sandarsa kaɗai, aka ɗauke shi shara. Likita Maitama, wanda ya tara littattafan da mujallun yana binciken cututtukan yankin, ya lura da yadda mutumin nan yake ɗaga littafi da hannu biyu kafin ya share ƙarƙashinsa. Sai ya ba shi ɗakin.

Kowane littafi Hammadu ya san shi da kamarsa. Ka ce masa kana son na saran maciji, ya miƙo maka kore mai yagaggen baya. Na haihuwa shi ne baƙi mai nauyi. Akwai ja babba na cututtukan fata, wanda ya raɗa wa suna Guzuma, wato tsohuwar saniya, wai ya fi kowa tsufa a garken. Ƙafafun kantoci kuwa kullum suna tsaye cikin gwangwanaye da kananzir saboda gara. Ma'aikatan jinya daga Shinkafi da Zurmi sukan zo su kwafi abin da za su faɗa wa jama'a kan sanƙarau ko amai da gudawa, shi kuma yana tsaye a kansu kamar mai gadin amarya, kada wani ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara aka raba ma'aikata, Likita Maitama ya faɗa rabon Sakkwato. Ranar tafiyarsa ya tsaya a bakin ɗakin ya ce, "Baba, ban iya ɗaukar su, nan anka fi buƙatarsu. Amana ce na bar maka."

"Na riƙa, likita," in ji Hammadu.

Bayan shekara uku aka ƙaddamar da Shari'a. Hammadu ya yi murna kamar kowa, har Gusau ya je a bayan akori-kura. Sai dai murna ta zo da 'yan rakiya. A teburin mai shayi kowa ya zama alƙali, kuma wanda bai taɓa buɗe Ahalari ba shi ya fi kowa ɗaga murya. Can ne wani ya rantse cewa za a bi gida-gida da ofis-ofis, duk takardar da aka samu da hoton tsiraici wuta ce makomarta. Hammadu ya ajiye kofinsa. Ya san abin da ke cikin Guzuma da 'yan'uwanta: jikin mutane ne, maza da mata da yara, ba sutura. Ba tsoron bulala ya ji ba. Wutar ce ta tsaya masa a rai.

Da ya tambayi limamin asibitin, da an huta. Bai tambaya ba, don kunya ta hana shi faɗin abin da ya daɗe yana gani. Ya sayo ƙaro a kasuwa, ya jiƙa a kwano, ya rufe ƙofa. Duk inda ya ga hoton jiki sai ya shafa ƙaro, ya haɗa shafin da na kusa da shi, ya danne da dutse. A tunaninsa in ƙura ta lafa sai a ɗan jiƙa a buɗe. Mako shida ya yi yana wannan aiki, da tsabta da natsuwa, yana bismilla a kowane shafi. Masu ƙonawa kuwa ba su taɓa zuwa ba, don tun asali babu su.

Da damina Malama Uwani, mai kula da wani ƙaramin asibiti a ƙasar Zurmi, ta iso a kan babur, zaninta duk laka. Yara ne a wata ruga suke zazzaɓi da wasu ƙuraje, ba ƙyanda ba, ba ƙarambau ba. Ta tuna ta taɓa ganin irinsu a jan littafin nan, da bayanin magani da abin da za a gargaɗi mutane a kai.

"Baba, miƙo min Guzuma, sauri nikai."

Ya miƙo. Ta buɗe tsakiya, ta tarar da shafuka sun zama allo. Ta sa farce ta ja, takardar ta ɓare gida biyu, hoto da rubutu suka bi juna, sai fari.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, ɗiyata. Cewa anka yi za a ƙone su."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Baba, garin neman gira ka rasa ido." Ta rufe littafin a hankali ta fita. Sai da ta kai Zariya ta sami irinsa, kwana huɗu tafiya da dawowa. Kafin ta komo an binne yara uku.

Daga baya ta ce masa ko da littafin na nan, ba lalle ne su tashi ba, kwana ne ya ƙare. Liman ma ya ce masa ilimin likita ba tsiraici ba ne, kuma Allah na duban niyya. Hammadu ya ji su duka, bai yarda da ko ɗaya ba. Sauran shekarunsa a kan tukunyar ruwan zafi ya ƙarar da su, yana kara shafuka a tururi yana ɓamɓarawa da tsinke. Kaɗan suka buɗu, mafi yawa suka tafi. Abin tausayi ne ka ga tsoho yana ba takarda haƙuri.

Amma ranar da ta fi ci masa rai ita ce ta sadakar bakwai ɗin yaran. Ya hau mota zuwa Zurmi, ya ƙarasa rugar da ƙafa, bai san kowa ba. Ya zauna a gefen tabarma ya yi gaisuwa da Fulatanci. Mahaifin biyu daga cikin yaran, wani mai suna Jafaru, ya ji daɗin baƙon da ya taso tun daga Ƙaura, ya sa aka kawo masa nono.

"Kai ma likita ne, Baffa?"

"A'a. Littattafai nake tsaro."

Jafaru ya gyaɗa kai. "Malama ta ce akwai littafin da ya san ciwon nan, sai dai yana da nisa, can Zariya. Da muna da mai tsaron irinsa a kusa, kamar kai, wataƙila da ɗiyata Laila da ɗan'uwanta suna nan."

Hammadu ya gane Uwani ta rufa masa asiri. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya dubi fuskar mutumin, ya kasa. Jafaru ya tura masa ƙwaryar gabansa.

"Sha, Baffa. Ka sha hanya saboda mu."