Ruwan Hanzar da Na Tafasa

Muna cikin waƙa ta biyu na ji harshena ya yi nauyi. Na buɗe baki zan ja baiti, sai wani miyau mai ɗaci ya taru mini, cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Na dubi taga. A waje, ƙarƙashin dalbejiya, tukunyar da na dafa tana rufe, mutanen da za su ci suna zaune kewaye da ita, kowa da kwanonsa a cinya.

Shekara ta biyu ke nan sama ba ta ba mu abin kirki ba. Mutanen ƙauye, yawancinsu daga wajen Zermu, sun baro gonaki sun sauka bayan majami'armu da ke gefen unguwar Kara-Kara. Mu Kirista ba mu da yawa a Damagaram, benci shida ya ishe mu. Duk da haka zumuntar mata ta ce kowace Lahadi bayan sujada za a sauke tukunya guda, kowa ya ci, ba a tambayar mutum inda yake fuskanta in zai yi addu'a. Da hatsi ya ƙare aka koma wa hanza, 'ya'yan itacen jejin nan da fari ba ya kashewa. Hanza tana ƙosarwa, amma da gubarta take zuwa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, safe da yamma ana zubar da ruwan ana zuba sabo, har ɗacin ya fita.

Inna ce ke riƙe da tukunyar. Ran Laraba aka aiko cewa yayanta ba lafiya a Mirriya, ta bar mini aikin. Abu biyu ta ce mini a bakin ƙofa: kada in ƙetare canjin ruwa ko sau ɗaya, kuma ranar rabo in fara cin kwano guda cike tun da sassafe, don mai dahuwa ce ke ci kafin baƙi.

Ran Juma'a famfo bai kawo ba. 'Yan garuwa ma ba a gan su ba. Tulu ɗaya ya rage mana a gida. Ina tsaye kan hanzar, sai na tuna abin da mushe, wato malaminmu, ya koya mana a kolej, cewa ruwa in an tafasa shi duk abin da ke ciki ya mutu. Na tace ruwan jiƙon, na tafasa, na bari ya huce, na mayar. Sau huɗu na yi haka, har ina jinjina wa kaina, wai na gano abin da tsofaffi ba su gano ba. Da asubahin Lahadi na dafa, na ɗanɗana, na ji ɗaci a can bayan harshe. Na ƙara yaji da garin ƙuli na rufe shi. Amma kwanon nan na cinye shi cike, kamar yadda Inna ta ce.

To ga ni kan benci, gumi yana bin bayana, Baba Fasto ya shiga wa'azi. Ba zan ɓoye ba, na so in yi shiru. Na ce wa kaina ƙila gajiya ce, ƙila zafi. In na yi magana, kowa zai san 'yar lakwal, mai karatun boko, ta ɓata abin da mata suka yi mako suna tsinkowa a jeji da ƙafa. Kuma a wurinmu budurwa ba ta katse fasto. Na sake duban taga, na ga wata mata tana goge kwanon 'yarta da bakin zane.

Tun ina ƙarama nake addu'a, amma duk haddace ce. Ranar ba ko ɗaya da ta zo mini. Abin da na iya cewa a zuciyata kawai shi ne, Yesu, ka tashe ni tsaye. Sai na ga na miƙe.

"Baba, a gafarce ni," na ce. "Kada a buɗe tukunyar nan. Ban canja ruwan ba. Ni na ci, ga shi ina ji a jikina."

Ban jira amsa ba, na fita ina dafa bango, na je na zauna kan murfin tukunyar. Wata tsohuwa daga cikin mutanen Zermu, Musulma, wadda muke kira Iya, ta matso ta tambaye ni abin da na yi wa ruwan. Na faɗa mata duka, har da yajin. Ta riƙe haɓa.

"'Yar lakwal, ke nan kin tafasa guba ta zama shayi? Buɗe bakinki in gani."

Ta ɗura mini ruwan tsamiya, ta sa mini yatsa a maƙogwaro ba tare da neman izini ba. Na yi amai har na daina ganin mutane sosai. A amalanke aka tura ni asibiti, Baba Fasto da kansa yana turawa, Iya tana gefe tana yi mini faɗa wai kada in kuskura in rufe ido.

Aka sa mini ƙarin ruwa. Lokotoro, wato likita, ya ce sai an ga yadda jikin zai yi zuwa gobe. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ina kwance ina kallon ruwan yana ɗiga, na tuna sau nawa na roƙi Ubangiji abincin yini cikina a ƙoshe, ban san abin da nake roƙo ba. Yanzu na roƙa wa mutanen da na hana abinci, ɗaya bayan ɗaya, da fuskokinsu, tun da ban san sunayensu ba. Na kuma gaya masa maganar yajin, don ita ta fi ci mini rai. Tafasawar rashin sani ce, yajin kuwa na sani.

Da hantsin Litinin Iya ta dawo, Inna tana bayanta da ƙurar hanya a ƙafa. Iya ta ce yara sun kwana da yunwa, ba za ta yi mini ƙarya ba. Amma ba a zubar da hanzar ba. Maƙwabta sun ji labari, kowane gida ya aiko da kwanon ruwa daga na shansa, har Barebari masu shaguna a bakin hanya, an sake jiƙa ta, jibi za a ci. Ba wanda ya taɓa ta ranar Lahadi.

Inna tana tsaye har lokotoro ya zo. Ya duba idona, ya danna cikina, ya sa na fito da harshe. Ya ce na fita haɗari, a ba ni kunu kaɗan kaɗan, gobe in tafi gida.

Sai a lokacin Inna ta zauna bakin gadon. Ta tambaye ni ko kwanon nan cike na ci.

"Cike, Inna."

Ta gyara mini ɗankwali, ta juya ta ce wa Iya, a gaban lokotoro da kowa, in an sauke tukunyar jibi ni zan riƙe ludayi.